Rauta Ɗaya, Yara Biyar, Maigida Yana Ikko

Duk ɗan Arewa da ke neman abincinsa a Kurmi ya san irin wayar nan da kan shigo daga gida bayan sallar lisha. A da, in an kira, ba ta wuce maganar hatsi, ko kuɗin makaranta, ko wance ba ta da lafiya. To, 'yan shekarun nan an sami ƙarin magana guda, ita ce, "Baba, data ta ƙare." Mutum yana Mile 12 ko Agege, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ya yini a tsaye a kasuwa, sai a ce masa datar wata guda da ya saya ta ƙare cikin kwana goma sha ɗaya. In ya nemi ba'asi, uwargida ta ce, "Alhaji, yaran nan ne da gem ɗinsu, ba dare ba rana." Yaran su ce an yi musu ƙazafi, yayarsu ce da fina-finanta. Ita kuma ta rantse ta maya cewa ko lambar sirrin ba a ba ta ba.

Galibin magidanta ɗayan abu biyu suke yi a nan. Mai sanyin hali ya tura wani kuɗin don a bar shi ya yi barci. Mai zafin rai kuwa ya ce a zare na'urar a kulle ta a akwati sai ya zo Salla. Duka biyun kuskure ne, kuma daga wuri ɗaya suka fito, watau mutum ya sayi abu ya girke a tsakar gidansa, ya koma nisan kilomita fiye da dubu, bai san yadda abin yake aiki ba, bai kuma damƙa shi a hannun kowa ba.

A ɗauki Miri misali. Miri tana bakin garin Bauchi ne, a kan hanyar Jos. Da ƙauye ce, amma gari ya bunƙasa ya tarar da ita, ta zama irin unguwar da mai nema a Kurmi kan sayi fili, ya yi ta tura kuɗin bulo da kwano har ya kammala, ya ajiye iyalinsa. A irin gidajen nan ne rauta ta shigo, watau ɗan akwatin nan mai fitilu da ake sa wa sim, ya jawo intanet daga ƙarfen sabis, ya raba wa duk wata waya da kwamfutar da ke gidan. Ba don wasa aka saye ta ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, saboda haka uban da ke son ɗansa ya shiga jami'a dole ya so yaron ya saba da ita. Ga babban ɗa yana Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji, yana bukatar laftof. Ga shi kansa maigida yana son ya riƙa ganin fuskar autansa ta bidiyo. Niyya dai kyakkyawa ce.

Amma da dare ya yi, sai gidan ya rikiɗe. Babban yana kan laftof, ƙaninsa ya ari tsohuwar kwamfutar da aka kawo daga Ikko, biyu suna kan waya, wataƙila akwai PlayStation ɗin da wani kawu ya aiko. Wannan yana PUBG, wancan yana Call of Duty ko Free Fire, na gefe yana buga ƙwallon eFootball da wani yaro da bai taɓa gani ba. Duka ta rauta ɗaya. Can sai a ji ihu, "Wa ke saukar da abu? Wallahi an kashe ni saboda ku!" Daga nan sai cacar baki, wani lokaci har da dambe, uwa tana tsakiya ba ta san wa za ta ba gaskiya ba.

Abu na farko da ya kamata magidanci ya sani shi ne wasan kansa ba shi ne babban ɓarawon data ba. Hotunan da yaro ke gani, gidaje da bindigogi da filin ƙwallo, tuni suna cikin na'urarsa. Abin da ke kai da kawowa ta intanet ɗan saƙo ne ƙanƙane: wane ya matsa hagu, wane ya harba, ƙwallo tana nan. Awa guda ta irin wannan ba ta cika wuce megabait ɗari ko ɗari da 'yan kai ba. Kamfanin Netflix kuwa da bakinsa ya ce fim mai kyawun hoto yana iya cin gigabait 3 a awa, gigabait ɗaya kuma megabait dubu ne. Ashe ke nan fim ɗin awa guda yana iya cinye abin da yaro zai yi wajen awa talatin yana wasa da shi. Wanda ya kulle rauta saboda gem alhali ana kwana ana zuba bidiyon TikTok da YouTube, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Wannan ba wanke yaran ba ne. Inda gem ke cin dukiya shi ne wajen saukar da shi da sabunta shi. Wasu wasannin Call of Duty na kwamfuta sun wuce gigabait 100, na waya ma in sabon zubi ya fito sai ya lashe gigabait ɗaya ko biyu. Kuma kowace na'ura nata take saukarwa. In yara huɗu suna da wasa iri ɗaya a na'urori huɗu, sau huɗu za a biya. Kwamfuta mai Windows ita ma takan sabunta kanta ba tare da ta nemi izinin kowa ba, sai fa in an shiga saitinta an gaya mata cewa wannan intanet ɗin na awo ne. Bayan wannan ga maƙwabta. Yaro ya ba abokinsa lambar sirri, aboki ya ba wansa, wayoyin zamani ma suna iya miƙa ta da ɗan hoton nan da ake haskawa ba sai an faɗa da baki ba. Kafin a ankara samarin layi sun mai da gindin katangar gidan majalisa, ana tsammanin hira suke yi. Tun da hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, wannan sadakar da ba a yi niyya ba ta ƙara tsada.

Abu na biyu ya fi wuyar fahimta, amma shi ya fi jawo ɓarnar kuɗi. Yaro ya kira ya ce, "Baba, rautar nan ba ta da ƙarfi, gem yana tsayawa, a sayo babba." Uba ya sayo, a wayi gari ana nan inda ake. Dalili kuwa shi ne abin da wasa ke bukata ba yawan data ba ne, saurin zuwa da dawowa ne. Duk sanda yaro ya danna maɓalli, sai saƙon ya tafi babbar kwamfutar kamfanin wasan, wadda yara ke kira saba, ta yanke hukunci wa ya riga wa, sannan amsa ta dawo. Ana auna wannan lokacin da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma lambar nan ce yara ke zuba wa ido a kusurwar allo, in ta yi ja su yi ta tsaki.

To, a yi lissafi. Haske a cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet yana tafiyar wajen kilomita 200,000 a sakan guda. Galibin manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa Nijeriya da duniya a Ikko suka sauka. Ɗaya daga cikinsu, MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta wajen kilomita 7,000 ne daga Fotugal. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, watau milisakan 70. A ƙara tafiya daga Bauchi zuwa Ikko, a ƙara daga Fotugal zuwa Jamus ko Ingila inda yawancin sabobin Turai suke, sai a ga an kusa 100 tun ba a lissafa ɓata lokacin ƙarfen sabis da sauran na'urorin da ke hanya ba. Yaron da ke zaune a Jamus kuwa da 15 ko 20 yake wasa. Kafin na Miri ya ga abokin gaba ya leƙo, an riga an harbe shi. Babu rautar da za ta rage nisan Bauchi da Turai, ko da ta zinariya ce. Abin da yaro zai iya yi shi ne ya zaɓi saba mafi kusa in wasan ya ba da zaɓi, don akwai wasannin da suka kafa nasu a Afirka. Wanda ke shakkar cewa wasan Miri ta teku yake bi, sai ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyi huɗu suka tsinke a tekun Kodebuwa, MainOne da WACS da ACE da SAT-3, aka kwashe kwanaki intanet yana jan ƙafa a Afirka ta Yamma, bankuna ma suka ji a jikinsu.

Akwai dai jinkirin da a cikin gida ake haifar da shi, shi kam yana da magani. Rauta kamar famfon unguwa take, kowa layi yake bi. Saƙon wasa kofi guda ne, amma in wata ta riga ta jera jarkoki ashirin, watau tana ɗora bidiyon biki a WhatsApp, ko wayar wani tana kwashe hotunanta tana turawa ma'ajiya, dole mai kofi ya jira. Hanyar aikawa kuma kullum ta fi ta karɓa ƙunci, shi ya sa ɗora bidiyo ɗaya kan tsai da wasan gida duka. Wasu rautoci suna da saitin da ake kira QoS, wanda ke sa mai kofi a gaban mai jarka, ko ya yanka wa kowace na'ura iyakarta. In babu shi, sai a koma ga abin da iyaye suka sani tun kafin a ƙirƙiro intanet, a raba lokaci. Kwamfutar da ke kusa da rauta a haɗa ta da waya ta daina bin iska, wayar nan ba ta kai kuɗin datar mako guda ba. Rautar da ke da zango biyu, 2.4 da 5, na 5 ya fi sauri amma ba ya ratsa bangon bulo sosai, na 2.4 ya fi nisa amma ya fi cunkoso. Tsakanin magariba da sha ɗayan dare kuma, mutanen Miri da kewaye duka suna kan ƙarfen sabis ɗin, wannan sai haƙuri.

Sauran matsala guda, wadda ita ce ta fi ruɗa yara masu na'urori da yawa a gida ɗaya. Yaro biyu suna ɗaki ɗaya, ɗaya ya shiga wasa lafiya, ɗayan a ce ba zai iya haɗuwa da abokinsa ba, ko ya shiga amma ba ya jin muryar kowa, allo ya rubuta masa cewa NAT ɗinsa a tsuke yake. Dattawan Sabo za su gane wannan fiye da jikokinsu. A zamanin wasiƙa, mutum hamsin a unguwa akwatin gidan waya ɗaya suke amfani da shi, na Sarkin Hausawa ko na wani maigida. In ka aika wasiƙa gida, amsa ta akwatin nan za ta dawo, mai ɗauko wasiƙu ya san kai ka aika, ya kawo maka. Amma in baƙuwar wasiƙa ta zo da lambar akwati kawai, ba suna, wa za a ba? Sai a ajiye ta ko a mayar.

Haka intanet yake. Tsohon tsarin adireshinsa, wanda har yanzu shi aka fi aiki da shi a ƙasar nan, adireshi wajen biliyan 4 da miliyan 300 kawai yake da su, mutanen duniya kuwa sun wuce biliyan 8, balle na'urorinsu. Tun watan Fabrairu na 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin ta raba na ƙarshen da ke hannunta. Dabarar da aka fito da ita tun 1994 ita ce NAT: gida duka ya fita da adireshi ɗaya, rauta ta riƙa rubuta wa ya aika me, in amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. Wasan da kowa ke aika saƙonsa ga saba yana jiran amsa, ba ruwansa da wannan. Amma wasu wasannin da wasu hanyoyin hira suna haɗa na'ura da na'ura ne kai tsaye, watau baƙuwar wasiƙa ce za ta zo, a nan ake samun cikas. Bugu da ƙari, Xbox da wasannin Call of Duty sukan nemi ƙofa mai lamba 3074, in na'ura biyu a gida ɗaya suka neme ta tare, ɗaya ce za ta samu. Akwai saitin da ake kira UPnP, in an kunna shi sai ta biyun ta roƙi wata ƙofar, rigima ta mutu.

Sai dai fa rauta mai sim tana da ƙarin wani abu. Kamfanonin waya su ma sukan haɗa ɗimbin masu layi a adireshi ɗaya, ya zama akwatin maigida yana cikin akwatin wani babban maigida da ba a taɓa gani ba. A irin wannan hali duk ƙofar da aka buɗe a rautar gida aikin banza ne, domin ta waje a rufe take, makullinta kuma ba a Miri yake ba. Ko Starlink, da ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, haka take yi wa masu tsarin gida. Don haka in yaro ya ce wani gwani a kasuwa ya ce a kawo kuɗi zai buɗe musu NAT, a yi hattara. Ko dai ya karɓi kuɗi bai yi kome ba, ko ya kashe katangar tsaron rautar ya bar kwamfutar gida a fili, wanda ya fi na farkon muni.

Duk wannan maganar na'ura ce, kuma da a nan ta tsaya da ba ta cancanci a cika shafi da ita ba. Babbar maganar ita ce ta zaure. Mutumin da ya zauna a Sabo ya san ƙa'idar maigida: fatake su zo da shanu ko su zo sayen goro, a zaurensa za su sauka, ya san sunan kowa da garinsu, ba kuma baƙon da zai wuce zaure ya shiga cikin gida. Mutumin nan ne kuma, da hannunsa, ya buɗe sabon zaure a gidansa na Miri, wanda ya zarce har ɗakin yara, ya bar shi ba mai tsaro. Wasannin nan duka suna da hira ta murya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya kwana yana magana da ƙato ɗan shekara talatin a wata ƙasa. Galibinsu wasa kawai ya kawo su, a faɗi gaskiya. Amma a cikinsu akwai mai zagin da ko ɗan tasha zai ji kunya, akwai mai cewa a ba shi lambar sirrin asusu zai zuba kyauta, akwai mai jan yaro zuwa WhatsApp ya fara neman hoto.

Ga kuma maganar kuɗi. Ana cewa wasannin kyauta ne, amma kowanne yana da kuɗinsa na ciki, PUBG yana da UC, Call of Duty na waya yana da CP, Free Fire yana da daimon, kuma da naira ake sayensu don a yi wa ɗan wasa riga ko a yi wa bindiga fenti. Yaron da abokansa suka yi ado shi yana tsirara, katin bankin mahaifiyarsa zai fara hange. Ba yaran Bauchi kaɗai ba ne. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya yarda ya biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don a mayar wa mutanen da aka ja su cikin sayayyar da ba su yi niyya ba. Akwai kuma akwatunan sa'a, a biya kuɗi a buɗe ba a san abin da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irinsu a 2018 ta ce caca ce. In Turawan da suka halatta caca sun kira abu da wannan suna, Musulmin Miri ba ya bukatar doguwar fatawa.

Sannan barci. Yaron da ya kwanta ƙarfe uku ba zai tashi asuba ba, in ya je aji kuma gyangyaɗi zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a 2022. Amma kada a ɗauki wannan a ce duk yaron da ke gem mara lafiya ne. Sharaɗin da ta gindaya shi ne mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin cutarwa, kuma a saba ganin haka wajen shekara guda. Yaron da ya yi awa ɗaya bayan ya dawo Islamiyya bai shiga nan ba. Ƙasar Sin ta ɗauki hanya mai tsauri a watan Agusta na 2021, ta ce ɗan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai zai yi, daga takwas zuwa taran dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Gwamnatin can ta iya haka ne don kowa da sunansa na gaskiya yake rajista. A nan babu hukumar da za ta yi wa mutum wannan aiki. In maigida bai yi ba, ba mai yi.

Wani zai ce, to ai gara mai zafin rai, a kulle ta a huta. Wa ya ce za a huta? Yaron da aka hana a gida gidan gem zai tafi, inda ake biya a buga, inda ake sa kuɗi a kan wasan ƙwallo, inda ba wanda ya san uwarsa balle ya ji kunyarta, ya dawo tsakar dare a bakin titin Jos da tireloli ke gudu. Wanda bai tafi ba ya sayi datar ɗari biyu a wayarsa ya shige bargo, inda ba mai ganinsa. Yayarsu da ke shirin jarrabawa, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, ita aka hukunta. Kuma a daina raina abin da yaran ke koya. Yaron da ya zauna ya gano dalilin da ya sa kwamfutarsa da ta ƙaninsa suke rigima a kan ƙofa 3074, ya fara koyon sana'ar da bankuna da kamfanonin waya ke ɗaukar mutane aiki dominta. Yara sun yi langa, sun yi ludo da wot, iyaye ba su taɓa hana wasa ba, lokaci suke sa masa, su kuma san da wa ake yi.

Saboda haka tambayar da ta kamata magidanci ya yi ita ce, makulli yana hannun wa? Da yawa ba su san cewa rauta lambar sirri biyu gare ta ba. Akwai wadda ake ba mutum ya shiga intanet, akwai kuma ta shiga cikin saitin rautar kanta, inda ake ganin duk na'urar da ke haɗe, a kori wadda aka ga dama, a sa lokacin buɗewa da rufewa. Ta biyun nan galibi tana rubuce a ƙarƙashin na'urar yadda ta fito daga kamfani, ba wanda ya canja ta. In kuwa an canja, to babban yaron ne ya canja, shi da ya fi kowa buga gem. An ba kura ajiyar nama ke nan. Shi ya sa ƙannensa ke kuka, shi ya sa 'yan matan gidan ba sa samun shiga sai ya ga dama, alhali kuɗin na kowa ne.

Makullin nan na uwargida ne. Za a ce ba ta yi boko mai zurfi ba. Matar da ke riƙe lissafin adashin mata talatin a ka, take karɓar kuɗin cefane ta waya, take aika saƙon murya a WhatsApp, ba za a ce ta kasa koyon danna wuri uku ba. In ma ta kasa, ai ba ta kasa zare soket da ƙarfe goma ba. Abin da take bukata shi ne mijinta ya faɗa a gaban yaran cewa maganarta ita ce tasa, don ba abin da ke karya uwa irin ta hana, yaro ya kira Ikko a ce, "Hajiya, ki bar su mana." A rubuta ƙa'ida a manna a bango: ba gem sai an gama aikin makaranta, ba saukar da sabon wasa sai an tambaya, ba mai sa katin banki a cikin wasa, ƙanana su kashe hira da wanda ba su sani ba, 'yan mata suna da rabonsu. Babban yaron kuma kada a wulaƙanta shi, a naɗa shi mai gyara a ƙarƙashin uwarsa, in aka ga data ta kai ƙarshen wata a yaba masa.

Yana da kyau kuma a tuna wa yaran cewa rauta tana haɗa na'urorin gida da junansu ko babu data a cikinta. Minecraft yana da hanyar da 'yan gida ɗaya za su yi wasa tare ta haka, Mini Militia ma da haka yara suka san shi. Ba teku, ba Jamus, ba baƙo, ba ko kwabo, kuma jinkirin bai wuce milisakan biyu ko uku ba.

Wanda zai je gida Salla, ya ware awa guda. Ya sa babban yaron ya buɗe masa saitin rautar a gaban uwarsu, ya ƙirga sunayen na'urorin da ke jerin, ya ƙirga wayoyi da kwamfutocin gidansa, ya ga ko sun zo daidai. A canja lambobin sirrin duka biyu, uwargida ta rubuta ta saitin ta adana inda take adana takardun fili. Sannan ya juya rautar ya duba bayanta. Akwai wani ɗan rami kamar hudar allura. In aka zura tsinke aka danne shi na 'yan sakanni, duk saitin da aka yi ya goge, lambar da ke rubuce a ƙarƙashi ta dawo aiki. Yaran sun san ramin nan sarai. Saboda haka kada a bar rautar a falo ko a ɗakin samari, a kafa mata ƙusa a ɗakin uwargida, sama da kan gadonta, kusa da taga.